Daƙiƙa Goma Sha Bakwai

A Agege rabin magana muke yi.
Ka fara zance, ka ajiye shi a kumatu
kamar goron da ba ka gama taunawa ba,
jirgi ya wuce,
sai ka ɗauko shi daga inda ka tsaya,
in bai huce ba.

Ta wajen Abule Egba suke ɓullo mana,
sun sauke ƙafafu tun ba su iso ba,
ciki fari fat kamar na tarwaɗa,
har kana iya ƙirga ƙusoshin haƙarƙarinsu.
Kwanon rufi ya amsa,
murfin tukunya ya taka rawa,
kofin shayi a kan benci ya matsa taku ɗaya zuwa gaɓa.

Ni mai gyaran agogo ne a gefen layin dogo,
shekara ashirin da ɗaya bayan akwatin gilashi guda,
amma ba na duba agogo don sanin lokaci.
Na asuba yana riga ladan gyaran murya.
Na azahar siriri ne, fito yake yi.
Na bayan isha, mai ɗaukar kaya,
shi ke sa ɗan sukurun nan
ya kuɓuce wa hantsakina ya faɗa kwata.

Liman Jatau ya san inda zai tsaya a aya ya jira.
Iya Risika mai burodi da yatsu take ciniki.
'Yata Ladidi ta iya cewa "jirgi" kafin ta ce "Baba".
Ban ji haushi ba,
ya fi ni yawan leƙowa gida.

Daren da mahaifina zai tafi, ana yayyafi.
Shi da ya zo garin nan a kan buhun goro,
ya zama ƙashi da numfashi a kan tabarma.
Ya ce, "Gambo, matso.
Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba."
Na kai kunnena bakinsa.
Sai ga na bayan isha.

Na ga leɓɓansa suna motsi,
na ji ɗumin kalmomin a kuncina,
ban ji ko harafi ba.
Daƙiƙa goma sha bakwai.
Na san adadinsu, sana'ata ce.
Da ƙarar ta janye,
ya yi murmushin wanda ya sauke kaya,
ya ce, "Ka ji ko?"
Na ce, "Na ji, Baba."

Bashi ne? Gafara yake nema?
Sunan wata da ya bari a Bichi?
Ko kuwa inda ya ajiye makullin akwati kawai?
Shekara shida ina kwance maganar nan ina ɗaurawa,
kamar agogon da aka kawo ba hannu.

Masu leƙowa ta ƙananan tagogin can,
suna ɗaure bel, suna neman takalmansu,
tsatsar rufi kaɗai suke gani.
Ba wanda ya san an sauka da shi a Ikeja
da wasiyyar wani tsoho cikin kayansa,
ba a yi mata awo ba, ba a biya mata kwastan ba.

Bara na je Bichi gaisuwa.
Shirun garin ya hana ni barci,
sai da na ji bugun jinina.
Da rana ina barin gurbi a tsakiyar magana,
ina jiran abin da ba zai zo ba.
Dattawa suka ce, yaron nan akwai natsuwa.

Yanzu Ladidi ta girma.
Na yi niyya duk abin da zan faɗa mata
in faɗa da rana tsaka, sau biyu,
kuma in sa ta maimaita.
Jiya na kira ta, na ce, "Zauna,
kakanki ya bar mini..."

Ta ɗaga hannu, ta dubi rufi.
Muka jira.